Tagwayen Huɗu da Mai Guntun Aljihu

Na ji ku, mutanen Gidan Amumune. Wai me ya haɗa manomin gero da kartar Teksas? Alhaji ya ce caca haramun ce. Gaskiyarka, Alhaji, ni ma ban shimfiɗa wa kowa tabarma ba. Sai dai samarin nan da ke lafewa da waya bayan lisha, ba dukansu wa'azi suke saurare ba, kun kuwa fi ni sanin sunayensu.

A kartar Teksas, irin pokar da suke bugawa a intanet, ana ba kowa karta biyu a ɓoye, sannan a buɗe uku a tsakiya. Yaro ya ga huɗu da huɗu a hannunsa, sai ƙirji ya cika, ya samu tagwaye. Wani ya ƙara kuɗi jaka ɗaya, shi kuma ya bi, yana fatan ta uku ta fito. Cikin karta 52, huɗu biyu kacal suka rage masa, kuma a buɗewar farko sau 12 cikin 100 suke leƙowa. Sauran 88 jakarsa ta tafi. Kafin ya mayar da uwar kuɗi, dole kowane cin ya kawo fiye da jaka bakwai.

To duba aljihun wanda ya ƙara ɗin: jaka biyar ta rage masa. Ko ya zube duka, shida ke nan. Ba kuma kullum zai zube ba, shi ma yana da ido. Shi ya sa gwanayen wasan ba sa bi sai abin da ke gaban abokin karawa ya ninka kuɗin bin kamar sau 15.

"Ai rabo ne," in ji Malam. Haba Malam! Kai da ba ka taɓa biyan amalanke zuwa kasuwar Mayahi don mai sayen da ka san kuɗinsa ba su kai na dako ba?

Da mai guntun aljihu, ko a jefar da tagwayen, ko a tura duka tun farko. Turawar ma ba daɗi: in as da sarki ya riƙe, kusan rabi da rabi ne, in tagwayensa sun fi naka, sau ɗaya cikin biyar za ka tsira. Mai shafin kuwa ya riga ya yanki kasonsa, ko wa ya ci.