Gizo Dillalin Aiki

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta.

Gizo dai masaƙi ne, wannan kowa ya sani. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, tun zamanin da jiniyar kamfanoni ke kaɗawa daga Bompai har Challawa. Sai wutar lantarki ta fara wasan ɓuya, man janareta ya lashe riba, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari. Wata safiya Gizo ya je aiki ya tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, ba kuwa na ruwa ba.

Ya koma gida ya miƙe ƙafafunsa takwas. Ƙoƙi ta yi kawaici har garin tuwo ya ƙare, sannan ta tsaya a kansa. "Maigida, tabarma ba ta biyan albashi. Tashi ka nemi abin yi."

Gizo, da tsamin bakin nan nasa, ya ce, "Haba Ƙoƙi, ai ba a shiga yuwa sai an ji zuyfinsa. Bayi in ji wa ke biya a gayin nan."

Mai son jin asirin masu gida a Kano ba ya zuwa ofis, teburin mai shayi yake nufa. Bayan isha'i Gizo ya zauna a bencin Zakara mai shayi, can wajen Ƙofar Wambai, ya ce a haɗa masa kauri a rubuta.

Jaki ne ya fara, ɗan dako a Dawanau wurin Alhaji Giwa. "Buhun riɗi da na zoɓo nake sauke masa tun asuba. Kayan su tafi Legas su hau jirgin ruwa, ni in tafi gida da ciwon baya. In ka ce a ƙara, sai ya ce dala ta tashi. Da ni ne Hawainiya! Yana zaune a karofi, Turawa suna ɗaukarsa hoto."

Hawainiya ya juya ido ɗaya ya dube shi. "Hoto ake ci? Allon ƙofarmu ya ce tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata, amma je ka ƙirga ramukan da suka bushe. Ka jiƙa baba da toka, ka jira makonni ya nuna, sannan wani ya zo ya taya maka kamar kayan gwanjo. Ga mai sa'a nan, Ɓera, yana shan sanyin banki da laƙataye a wuya."

Ɓera ya kwance laƙatayen ya cusa a aljihu. "Ɗan kwantiragi ne ni, yaya, ko takardar zama daram ba ni da ita. Duk wata a yanka mini kuɗin ajiyar da zan kawo, in na gaza a nuna mini hanya. Kun manta farkon 2023, lokacin canjin kuɗi? Ta taga na riƙa fita, don masu layi sun rantse ni na ɓoye sababbin takardu a raminmu. Aiki kam sai na Baba Kunkuru, ba mai korarsa."

Kunkuru, akawu a wata ma'aikata, ya daɗe kafin ya fito da kai. "Yaro, an ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai Adaidaita Sahu ne ke karɓar albashina, ni ajiya kawai nake yi masa. Gara Jaki, kullum rana ta faɗi da kuɗi a hannunsa."

Daga nan hira ta watse kan kowa: asibitin da sai ka sayi safar hannu, famfon da ya mai da 'yan garuwa sarakuna, makarantar Malam Dila da kuɗin zango ke girma fiye da ɗalibai. Kowa na da shaida, kuma shaidar kowa daga bakin ƙanin matar maƙwabcinsa ta fito.

Gizo ya matsa kusa da Zakara ya tambaye shi wa ke da gaskiya. Zakara ya ɗaga wani littafi mai maiƙo. "Ni ba na auna maigida da bakin yaransa. Yaran Giwa suna zaginsa, amma kowane dare suna biyana. Na banki sai ƙarshen wata. Akwai kuma kamfanin Kura, wanda ba ka taɓa jin an kushe shi a nan ba, don yaransa tsoro suke ji. Shafinsu ya fi na kowa tsawo."

Da mai hankali ne, da ya tsaya a kan wannan magana. Gizo kuwa abin da ya ji daban ne: huɗu ne a benci, kowa na kwaɗayin kujerar na kusa da shi. Washegari ya kafa allo a jikin bishiyar darbejiya: Gizo, Dillalin Aiki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa, "Yanka ya daɗe, kawo la'ada in musanya maka." Kafin Juma'a Ƙoƙi ta ɗora tukunya har da nama.

Jaki ya tafi karofi. Ba wanda ya gaya masa cewa rini tsomawa ne da ɗagawa, a bar iska ta bugi zane a sake tsomawa, sa'o'i a jere. Haƙurin da yake da shi na tafiya ne, ba na zama ba. Gyangyaɗi ya ɗauke shi ya faɗa ramin, aka jawo shi shuɗi har kunne, yara suka bi shi da tafi har Kasuwar Kurmi. Hawainiya a banki, duk wanda ya daka masa tsawa sai ya rikiɗe, har manaja ya kasa gane ma'aikacinsa ya sa mai gadi ya fitar da baƙo. Kunkuru ya ɗauki buhu ɗaya daga tirela da hantsi, ya isa sito ana kiran la'asar.

Ɓera ne kaɗai ya ji daɗi. Ya shiga ɗakin fayil ya yi mako uku yana ci, ba wanda ya lura, sai ranar da wani tsohon Raƙumi ya zo bin garatutinsa aka ciro fayil ɗin, saura igiya.

Daren da suka sake haɗuwa, sai ka ce ba su ba ne. "Alhaji Giwa mutumin kirki ne," in ji Jaki, yana sosa kunne mai shuɗi. Hawainiya ya ce ai sana'ar kakanni ba ta da na biyu. Suna cikin haka sai ga Gizo da sabuwar hula. Jaki ya miƙe, Kunkuru ya tare hanya, abin da ya fi iyawa ke nan. Zakara kuma ya buɗe littafi ya ce kauri goma sha bakwai da ƙwai, a biya shi kafin a fara duka. Gizo ya yi tsalle ya kama rufin rumfa, ya maƙale a kusurwa, ya koma saƙarsa ta da.

Bayan mako biyu kowa ya koma wurinsa, ƙorafi ma ya koma nasa. Ran nan wani saurayin Zomo ya sauka daga motar Bichi da jaka a kafaɗa, ya yi sallama, ya tambayi inda ake samun aikin kirki a birni. Jaki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ko ina ka je, ɗan'uwa, ban da wurin Giwa."

Sai ga wani siririn zare yana saukowa daga rufi, ya tsaya daidai dogon kunnen Zomo.

"Samayi, kana da dubu biyu a jikinka?"

Ƙurunƙus kan kusu.