Gwaggo Ta Fi Ma'aikacin Haraji Iya Karɓa

Duk mai hoton da ke riƙe kamara ranar Asabar da Lahadi a unguwar New Bell ta Douala, bayan ya kwashe mako yana tsaron shagon wani a Marché Congo, abu guda yake tsoro: ma'aikacin haraji. Ni kuwa na ce tsoron nasa ya ɓata hanya. Hukuma dai tana faɗin abin da take so tun kafin ta miƙo hannu. Ka yanki lambar mai biyan haraji, wato NIU, ka bayyana cinikinka, ka biya, a ba ka takarda. Dokar Disambar 2024 ma ta kawo haraji guda na dunƙule, IGS, wa ƙananan masu sana'a, a madadin tsohon impôt libératoire. Ko kuɗin da ake turo maka ta Orange Money ko MTN MoMo, an san rabon gwamnati a ciki tun 2022, lokacin da aka yanka kashi 0.2 cikin ɗari. Gwaggo kuwa kashi ɗari take ɗauka. Za ta kira ka bikin sunan jikanta, ka yini a tsaye kana cewa "a ɗan matso, a ɗan matso", ka wanke hotuna da kuɗinka, ta sallame ka da ƙullin cincin da "Allah ya yi albarka". Addu'a ce mai kyau, sai dai mai wankin hoto a Akwa bai fara karɓarta ba tukuna.

Shi ya sa nake ganin maganin mai hoto littafi ne na sefa ɗari biyu da biro. Wani zai ce, tunda harajin dunƙule jimillar ciniki yake dubawa, ba riba ba, me tara rasit zai rage masa? Gaskiya ne, ba zai rage masa ko dala ba. Amma littafin ai ba don hukuma ba ne, don shi ne. A nan zai ga kuɗin benskin, wato acaɓa, zuwa ɗaurin aure a Bonabéri da dawowa, da batirin da ya mutu daidai lokacin da ango ya yi murmushinsa ɗaya tilo, da ankon da aka tilasta masa saya don kada ya fita daban cikin taro. A nan zai ga aikin damina: ruwan Yuli da Agusta a Douala kan sa gilashin kamara ya yi fumfuna, amarya ta fito kamar cikin hazo, danginta su ce an yi mata baƙin ciki. Idan ya haɗa lissafi, sai ya tarar shi ne ya ɗauki nauyin rabin bikin, kuma ba a saka sunansa a kati ba.

Akwai kuma masu cewa rubuta bashin dangi cin fuskar zumunci ne. To, ban ce a kai wa gwaggo takardar biya ba, wa ya isa? A dai rubuta "kyauta" a gaban sunanta, da adadin kuɗin. Mutum ya san yawan sadakar da yake yi, ya daina kiranta kasuwanci. Wanda kuma ya ce sana'ar gefe ce, hukuma ba ta san da shi ba, ya tuna cewa da hannunsa ya manna sunansa da lambar wayarsa a ƙasan kowane hoto, ya zuba a Facebook, har da "muna zuwa ko'ina".