Baƙin Da Suka Sauka A Rufin Alhaji

Ku matso, amma kada a ce daga bakina aka ji. A wata unguwa a Tudun Wada, can wajen hanyar Jos, an wayi gari da ungulu uku zaune a kan kwanon gidan wani Alhaji, wanda ake raɗe-raɗin yana harin kujerar shugaban ƙaramar hukuma. Yaran unguwa suka yi ta ihun talotalo ya hau rufi. Ba laifinsu ba ne, tunda aka haife su ba su taɓa ganin ungulu ba.

Kafin hantsi magana ta zaga gidaje. Wata ta ce turen abokan hamayya ne. Wata ta rantse ta tsakiyar tana da idon wata tsohuwa da ta sani a Kiru. Uwargidan Alhaji kuwa, an ce, turaren hayaƙi ta yi ta bankawa har maƙwabta suka fara tari.

Wani tsohon mahauci ne ya ɓata wa masu labari lissafi. Ya ce da mai unguwa: "Ranka ya daɗe, ungulu ba ta jewar banza. A leƙa bayan katanga." Aka leƙa, sai ga tumbi da kayan cikin wani sa an watsar a kwata. Ashe cikin dare aka kayar da shi don wasu manyan baƙi na jam'iyya, kuma ko tsoka ɗaya ba ta shiga gidan maƙwabci ba. Ni dai a ganina wannan ya fi zancen maita zafi, kuma shi ne matan unguwar suka riƙe har yau.

Mahaucin ya ce lokacin da aka gama madatsar Tiga a 1974, a mayankar Bebeji ko ta Kwanar Dangora sai ka kori ungulu da sanda kafin ka feɗe akuya. Yanzu fa? Tun 2015 masana suka sa irin wannan ungulun tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Masu farauta na zuba guba a mushe, su kwashe gawarwakin su kai wa masu tsibbu, don wai kan ungulu na kawo farin jini da cin zaɓe. A Indiya maganin dabbobi ne ya kashe su a shekarun 1990, karnuka suka gaje mushe, ciwon haukan kare ya yaɗu. Ukun da suka sauka a rufin Alhaji kuwa, in ji masu hasashe, daga dajin Falgore suka ɓullo, ta wajen Doguwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da la'asar sai ga wani baƙo a kan babur, yana tambayar samari wa ke da gwafa, yana cewa zai sayi kan ungulu ɗaya da kuɗi mai tsoka. Mai unguwa ya kore shi, ya ce duk yaron da ya ɗaga dutse shi da ubansa za su yi. Wani da ya bi sawun babur ɗin ya ce bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan ɗan takarar da ke hamayya da Alhaji, kuma an shigar da shi har zaure na biyu.