Jif a Kan Bulo: Mazan Nassarawa da Motocin Shiga Daji

Duk faɗin Kano babu unguwar da motar shiga daji ta fi rasa aikin yi kamar Nassarawa GRA. Ko ta ina ka ɓullo kwalta ce, daga Sultan Road zuwa Alu Avenue har Ahmadu Bello Way. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ne suka keɓe wa kansu wannan yanki a wajen ganuwa, suka yanka filaye masu faɗin da doki zai yi sukuwa a tsakar gida. To amma a nan ɗin ne, in ka leƙa ta saman get ranar Asabar da hantsi, za ka hangi tsohuwar jif a gindin mangwaro, baki a wangame, ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinta. Dubi dugadugan da kyau. Sumul suke, babu faso ko ɗaya. Mai gidan ne da kansa.

Kada wani ya ce da gayya nake yi, ni ma ɗan ciki ne. Tsohuwar Pajero gare ni. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba, da baƙin man da ya maƙale a farce muke gane juna a sahun Juma'a.

Babbanmu shi ne Alhaji Saura Ƙiris. Land Cruiser ce da shi, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, mai silinda shida, motar da ko a Agadas ake girmama ta. Ya ɗora ta a kan bulo ne don ya canja shokazoba, aikin yini guda. Da ya kwance sai ya ga bushin ya cinye. Da ya cire bushin sai ya ce tunda an riga an buɗe, asara ce a mayar ba a duba boris ba. A lokacin autarsa tana goye, bana ta shiga aji uku na firamare. Kazar maigadi ta yi ƙyanƙyasa sau biyar a kujerar baya, yanzu in ya buɗe ƙofa ita ce ke yi masa kallon baƙo. Notocin da ya kwance suna cikin gwangwanayen madara tara, kowanne da takarda a manne, sai dai damina ta wanke rubutun. Ka ce masa, "Alhaji, yaya mota?" Sai ya ce, "Ai an gama, saura ƙiris. Wani ɗan abu nake jira daga Dubai." Abin ya iso tun bara waccan. Na wata motar ne.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Injiniyan Waya. Yaro ne da ya dawo daga karatu a Malesiya, bai taɓa kwana a ƙauye ba, amma ya san hamadar Ostareliya lungu-lungu ta YouTube. Yakan jingina waya a jikin batir, Bature na magana yana bi, in network ya ɗauke aiki ya tsaya cak. Ya ɗaga Nissan Patrol ɗin mahaifinsa har sai da kakarsa ta rantse ba za ta ƙara shiga ba in ba a kawo mata turmi ta taka ba. Ya sa mata tayoyi masu inci 33, sannan ya zo yana mamakin yadda motar ta yi nauyin tashi, take shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, kuma allurar gudu take nuna ƙasa da abin da yake yi. Baturen ya faɗi duk wannan, a minti na goma sha huɗu. Shi a na shida yake kashewa.

Shi ne kuma ya fara kawo mana hancin giwa, bututun nan da ake ɗaurawa a gefen gilashi don inji ya riƙa shaƙar iska daga sama. Abu ne mai amfani, yana hana ruwa shiga inji a mashigi, yana kuma rage ƙurar da mota ke haɗiya. Sai dai ruwa mafi zurfi da motarsa ta taɓa shiga shi ne wanda ke kwanciya a ƙofar gidansu in kwata ta toshe a watan Agusta. Ko shi ma sai da ya sa ƙaninsa ya ɗauki bidiyo.

Mai Kwalliya ba ya ma wahalar da kansa da inji. Fitilu takwas a rufi, shebur a ɗaure a gefe wanda har yau takardar kuɗinsa na manne, jarkoki biyu jajaye da ba su san warin fetur ba. Tafiyarsa mafi nisa wajen mai tsire ce bayan isha'i. In ya ga taɓo, kaucewa yake yi.

Wanda nake jin daɗin zama da shi Baba Fansho ne. Tsohon injiniyan ruwa ne, yana cikin samarin da suka sha rana lokacin da Gwamna Audu Bako yake gina madatsun ruwa, daga Bagauda zuwa Tiga wadda aka gama a 1974. Land Rover ɗinsa doguwa ce, 109, ya saye ta a gwanjon gwamnati, kuma ta girmi ɗansa na fari. Jikinta alminiyon ne, shi ya sa tsatsa ba ta ci shi ba, ko da yake ƙarfen da ke ƙarƙashi wani labari ne da ba ya son a tayar. Kowace safiya maigadinsa yana barbaɗa yashi a inda ta kwana, saboda ɗigar baƙin mai. Baba ya ce ranar da ta daina ɗiga, ranar zai tsorata, don alama ce babu komai a ciki.

Shi dai wannan dattijo ya iya aikin da gaske. Zai shimfiɗa tsohuwar jarida, ya kwance kafireta, ya jera ƙananan sukurori kamar mai shirya dara, ya wanke kowanne da fetur a murfin kwano, ya hura, ya mayar. Da kunne yake saita inji. Zai ɗora tsinin sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar likita. Matsalarsa ɗaya ce: kada ka ambaci Toyota a gabansa. In ka kuskura, shayinka zai huce kana jin tarihin yadda Land Rover ta fito a 1948, da yadda ta kai allura da awon ƙasa inda ko jaki sai an lallashe shi. Ranar da ya ji an daina ƙera tsohuwar Defender a Ingila, a watan Janairun 2016, har gaisuwa muka je yi masa. In Injiniyan Waya ya kawo masa zancen na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta, sai ya ce, "Yaro, motar da sai kwamfuta ta gaya maka abin da ke damunta, in ta mutu maka a bayan Riruwai wa za ka kira?" Gaskiya ya faɗa. Abin da ba ya faɗa shi ne, tasa motar sai an tura take tashi, kuma jikokinsa sun gane, da sun ji ƙarar makulli suke ɓacewa.

Sai Sarkin Dashe. Shi kasuwar Ƙofar Ruwa ce makarantarsa, ya san wace rumfa ke da injin Beljiyam, wace ce ke da wanda aka wanke da kananzir aka ce Beljiyam ne. Motarsa a takarda Land Rover ce. Injin na Toyota ne, giyabos na wata motar daban, lagireto kuwa mai walda ne ya yanke masa kunnuwa ya ƙera sababbi. Da sitiyarin dama ta shigo ƙasar, aka mayar da shi hagu, tunda tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, shi ya sa in ya kunna sigina sai abin share gilashi ya amsa. In ya je sayen kaya sai mai shago ya ce, "Yallaɓai, ta wace mota?" Sai ya yi shiru, ya ce, "Wane ɓangaren?" Ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai Bature don ƙasar sanyi ya sa su. Kusan duk garejin garin nan haka za a gaya maka, kuma kuskure ne: injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Na faɗa masa. Ya ce littafi nake karantawa.

Duk inda aka buɗe bonet kuwa, Kwamitin Benci ba ya makara. Mutum uku ne ko huɗu, fararen kaya, hannuwa a baya. Ba su taɓa riƙe sifana ba, amma ba a taɓa kawo cutar da ba su sani ba. Ɗaya ya ce fulogi ne, ko da motar mai gas ce wadda ba ta da irin fulogin da yake nufi. Ɗaya ya ce a kira rewaya. Na ukun ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Ni dai da za ka ji tawa, a yi sadaka, motar nan akwai baki a kanta." In ta tashi, dama sun faɗa. In ta ƙi, dama sun faɗa. Ana kawo abinci suke naɗe hannun riga.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, sai wani sabon iri ya ɓullo a cikinmu: mai tayar da mota ya saurara. Zai kunna ta minti uku, ya gyaɗa kai, ya kashe, ya hau Adaidaita Sahu.

Ban manta da Hajiya ba, don ita ce ke riƙe da lissafi. Robar wankinta ta zama ta juye baƙin mai. Tsohon zaninta ya zama tsumma, sabon ma ya kusa. Ƙaramar Corolla ɗinta, wadda ake yi wa dariya a majalisa, ita ake ara a ɗauko wa jif kaya, kuma ita ke kai yara makaranta kullum. Tawa ba ta faɗa. Takan tsaya a bakin ƙofar kicin ne ta ce, "Baban Abba, wai dajin nan da za a shiga, yana nan yana jira ko?" Abu ɗaya ta kafe a kai, kuma ta fi ni gaskiya: ta hana ni shiga ƙarƙashin mota in jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an kafa mata abin tokare na ƙarfe. Bulon siminti ma da muke yi da shi, fashewa yake ba sallama.

Akwai kuma wanda ba a ambata a majalisa. Bayan magariba yake shigowa ta ƙaramar ƙofa, a kan babur, da buhun kayan aiki. Ya duba ɓarnar da aka yi tun safe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa nan?" Mai gida ya ce yara ne. Ya gyara cikin awa ɗaya, a sallame shi, a roƙe shi ya riƙe sirri. Washegari sai ka ji ana cewa, "Jiya sai ƙarfe ɗaya na kwanta, amma na gano ta." Bakanike ɗaya ne yake yi mana duka. Kowa ya sani, ba mai tona wani.

Sau ɗaya muka taɓa fita da gaske. An yi shekara biyu ana sa rana: da rani a ce zafi, da damina a ce a bari ƙasa ta sha, in an ambaci Falgore a ce sai hanya ta yi lafiya, in an ce tuddan yashin Yusufari a Yobe sai kowa ya tuna yana da ɗaurin aure. A ƙarshe muka daidaita a kan duwatsun Rurum, bayan Rano. Mota shida aka rubuta, uku suka fito get. Ta Baba Fansho muka tura.

Mun bar kwalta da kamar tafiyar minti goma sai ga wani rafi da ya ƙafe, yashi fari tas. Injiniyan Waya ya ce a ba shi wuri. Ya ja ƙaramar giya, ya taka totur, motar ta yi gurnani ta haƙa wa kanta rami har ciki. Tayoyin baya na ta feshin yashi, na gaba suna tsaye kamar ba da su ake ba. Baba ya sauko a hankali, ya tsuguna, ya murɗa wani ɗan makulli a tsakiyar kowace tayar gaba. Wata goma sha takwas yaron yana gyaran motar, bai san sai an kulle nan tayoyin gaba suke ja ba. Ya kuma cika tayoyin da iska tam, alhali yashi sassauci yake so, sai an rage iska taya ta baje. Aka ce a kawo shebur. Mai Kwalliya ya ce makullin kwaɗon da ya ɗaure shi yana gida.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwar Golf ta taho daga kasuwar ƙauye, mutum tara a ciki, buhunan masara a but, akuya biyu a sama. Direban ya ɗan karkata hagu inda ya san ƙasa ta fi tauri, ya wuce fit, har da ɗago mana hannu: "Sannunku da aiki, Alhazai!" Wani manomi ne ya kwanto shanun huɗarsa biyu ya fitar da mu. Igiyar ma tasa ce. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya dai tambaya ko mu ma'aikatan gwamnati ne masu auna hanya. Baba ya ce eh.

Ba mu ƙara fita ba, amma an sa rana bayan babbar salla. Kafin nan ina roƙon duk wanda ya ari sifanata mai lamba 14 tun azumin bara, don girman Allah ya dawo min da ita. Pajero tana kan bulo, kuma saura ƙiris.