Halayen Masu Kwamfuta Idan Sabuwar Windows Ta Fito

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 bayan shekara goma tana aiki, ya ce kowa ya koma Windows 11. Sanarwar ta tono halin kowa.

Ɗan Zumuɗi ko a jikinsa, don tun 2021 ya riga ya koma. Shi dama da ya ji ƙishin-ƙishin sabuwar manhaja, kafin gari ya waye ya ɗora ta. Shi ne ya kwana murnar Windows 8 a 2012, ya tashi yana laluben maɓallin Start, ashe kamfanin ya cire shi, sai da duniya ta yi ca aka dawo da shi a 8.1. Bai daddara ba. A Oktoban 2018 ma yana sahun gaba, lokacin da wani sabon zubin Windows 10 ya share wa wasu mutane takardunsu, har aka dakatar da rabonsa cikin 'yan kwanaki. Ka tambaye shi ko ya kwafe kayansa gefe kafin ya danna, sai ya hau sosa ƙeya.

Alhaji Ba-Canji kuwa yana shagonsa na buga takardu, shi da Windows 7 mutu-ka-raba. Kuma a yi masa adalci, yana da hujja: tsohuwar firintarsa da ita kaɗai take jituwa, yaran shagon sun san inda komai yake, aiki na tafiya. "Yaro, me ta yi mini da zan sake ta?" in ji shi. Abin da ba ya son ji shi ne tun Janairun 2020 aka daina aiko mata da facin tsaro, alhali filashin duk wanda ya shigo shagon sai an soka mata. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja, WannaCry, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su ɗora ba. Irin wannan facin shi ne ainihin ribar sabuntawa. Mayar da Start tsakiyar allo da Windows 11 ta yi, kwalliya ce da ba ta kai a sayi data dominta ba.

Malam Sai-Gobe bai ƙi ba, bai kuma yarda ba. Kullum saƙon sabuntawa ya leƙo sai ya ce a tuna masa an jima. Ranar da kwamfutar ta gaji da jira ta yanke hukunci da kanta, ranar ce shugaban ofis ke tsaye a kansa yana jiran rahoto, allon kuma ya kafe a kashi 30, yana gargaɗin kada a kashe.

Wanda ya cancanci tausayi shi ne Mai Ta-Hannu. Ya tara kuɗi ya sayi laftof ta gwanjo, lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi, amma Windows 11 ta ce ba da ita ba. Sharuɗɗan sun haɗa da RAM giga 4, ma'ajiya giga 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Yawancin tsofaffin a nan suke faɗuwa. Kamfanin ya ba da damar biyan dala 30 don ƙarin shekara guda ta facin tsaro ga Windows 10. Mai gyara kuma yana gefe yana cewa, "Oga, kawo ta, akwai yadda ake yi." Akwai ɗin kuwa, sai dai Microsoft ta ce ba ta lamunce wa irin wannan kwamfutar samun faci nan gaba ba.

Hajiya Sannu-Sannu ba ta da labari mai daɗin ji. Takan bari wata uku ko huɗu su wuce, 'Yan Zumuɗi su gama kuka, ta kwafe kayanta a wata ma'ajiyar, ta tabbatar batir ya cika ko da za a ɗauke wuta, sannan ta danna.

Sai Ustazun Linux, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ta ƙare a Ubuntu, wani nau'in Linux. Kyauta ce, in ji shi, ba ruwanta da TPM, tana farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, kuma gaskiya ya faɗa. Ya kusa shawo kan Alhaji Ba-Canji, har Alhajin ya gyara zama ya tambaya ko CorelDraw tana hawa kanta. Ustaz ya yi gyaran murya, ya ce wannan sai an zauna.