Suracen 'Yan Kyanwa a Zaure

Da hunturun bana ya kankama, 'ya'yan kyanwar gidanmu su uku, waɗanda ba su wuce mako 6 da haihuwa ba, sai mura ta kama su gaba ɗaya, atishawa ba ƙaƙƙautawa, kwantsa ta liƙe idanu, majina ta toshe hanci. Likitan dabbobi ya bayyana mini cewa cutar ta kyanwoyi ce, ba ta kama ɗan Adam, amma hatsarinta shi ne kyanwa ba ta cin abin da ba ta ji ƙanshinsa ba, har yunwa kan riga murar yi mata lahani. Ya ba ni maganin ɗigawa a ido, ya umurce ni da in riƙa goge musu fuska da auduga da ruwan ɗumi, in ɗumama musu kifin gwangwani domin ƙarninsa ya ratsa hanci, in yi musu surace na minti 10, kana ya gargaɗe ni kada in kuskura in ba su farasitamol, domin guba ce gare su.

Uwargida ta rantse ƙarnin kifi ba zai kwana a ɗakinta ba, don haka bayan la'asar na tare a zaure, na kife 'yan kyanwar da kwando don kada su faɗa cikin tukunya, na jawo bargo na lulluɓe mu duka. Likita bai ce in shiga ba, ijtihadina ne.

To, ina cikin wannan duhu, gumi na tsiyaya daga gemuna, na zaro ƙaramarsu na ɗora a cinya, na lakato kifi da yatsa, na shiga lallashi da wata siririyar murya wadda ban taɓa sanin Allah Ya hore mini ita ba, ina cewa, "Haba 'yar lelena, haba farar gida, buɗe baki mana, ko loma ɗaya, kada ki kunyata ni," ashe surukina, dattijon da shekara 9 ke nan ban taɓa haɗa ido da shi ba, yana tsaye a bakin zaure tare da maƙwabcina, ya yi sallama har sau uku, abin da yake gani kuwa bai wuce tudun bargo mai hayaƙi yana motsi yana zuba kalaman soyayya ba.

Na yaye bargon. A daidai wannan lokaci 'yar lelen, wadda ta riga ta maƙale a wuyan rigata, ta saki atishawar da ta fi kowace albarka, ta feshe mini gemu. Na yunƙura in durƙusa in ce, "Baba, sannunku da zuwa," sai na ga na miƙa masa hannun da ke naso da man kifi. Ya dubi hannun, ya dubi gemun, ya ce, "Malam, ashe jinya ake yi." Daren jiya sau huɗu ina farkawa ina lissafin ko daga wace kalma ya fara ji, kowane lissafi kuwa yana komawa kan "farar gida".

Shi kuwa maƙwabcina, ma'abocin fiƙihu ne, bai ga abin kunya a wurin ba sai mas'ala. Ya gyara tsayuwa ya kwantar mini da hankali cewa a mazhabar Malikiyya majinar kowane mai rai tsarkakakkiya ce, saboda haka ina iya yin magariba da rigata yadda take. Daga nan ya zarce ga abin da ya fi damunsa, watau ko ya wajaba a yi wa kyanwar addu'ar mai atishawa, ya yi ta jujjuya zancen yana kafa hujja da Abu Huraira da 'yar kyanwar da ta jawo masa alkunyarsa, daga bisani ya yanke cewa tun da ba ta yi hamdala ba, babu komai a wuyanmu. Sai dai, in ji shi, da na tuntuɓe shi tun farko, da ya ba ni shawara in koya musu fyace hanci.

Surukina ya tambaya ko akwai wani zauren.