Kowa da Hularsa

Liman yakan ce ranar Sallah ranar yafe wa juna ce, kowa kuma yakan amsa da amin, kuma har a naɗe darduma a filin Idi na Ƙofar Mata babu mai musu. Amma nan Kano ce. Siyasa ba ta san hutu ba: wanka take yi, ta sa shadda, ta fesa turare, ta fito yawon Sallah tare da kowa. Duk mai zaure da tabarma, ko mai benci a ƙofar gida, ya san irin baƙin da za su cika masa wuri daga la'asar ɗin ranar Idi har soyayyen nama ya ƙare a tukunya.

Mai fara yin sallama shi ne sojan baka. Ba sai ka ga fuskarsa ba, muryar ta isa, irin wadda ake ji da dare a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo. Allah bai hore masa gajeriyar amsa ba. Ka ce masa, "Malam, an yi Sallah lafiya?" sai ya gyara murya: "To, da farko dai muna godiya ga Allah, sannan muna miƙa godiya ta musamman ga jagora, uban marayu, gatan talakawa, wanda a ƙarƙashin kulawarsa..." Kafin ya kai ga "lafiya lau" tuwo ya huce. In kana son sanin halin da jam'iyyarsa take ciki, kada ka saurari bakinsa, leƙa tsakar gidansa. In Balami ne a rataye, jagora adali ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba. In ɗan akuya ne, jagora mutumin kirki ne amma na kusa da shi ba sa barin a gan shi. In kuwa igiyar ce kawai a turke, ka kunna rediyo a mako mai zuwa, za ka ji shi yana cewa ya yi dogon nazari, ya tuntuɓi magoya bayansa.

Bayansa sai mai huluna. Zanna Bukar a ka, jar hula a naɗe cikin aljihun 'yar ciki, yana kaiwa bakin lungu ya dubi gidan da zai shiga ya sa wadda ta dace. Mutane suna zaginsa, shi kuwa ko a jikinsa, don ya haddace hujjojinsa. Zai tuna maka cewa Kwankwaso da Ganduje gwamna ne da mataimakinsa har sau biyu, a 1999 da 2011, kafin su zama abin da suka zama. Zai lissafo maka tafiyar Malam Ibrahim Shekarau a shekarar 2022 kaɗai: ya bar APC ya shiga NNPP a watan Mayu, watan Agusta bai fita ba ya koma PDP. "To ni," in ji shi, yana yagar tsoka, "wane ne ni da zan fi manya riƙon aƙida?" Gaskiya ni wannan mutum ba na jin haushinsa. A duk unguwa shi kaɗai ne yake cin naman kowane gida, kuma babu wanda yake gaba da shi. Illarsa guda: kada ka faɗi sirrinka a gabansa, don hular da zai sa a gida na gaba tana da kunne.

Akwai Baba, tsohon ɗan PRP, wanda ba ya zuwa sai an aika yaro ya riƙo masa hannu, in ya zauna kuma ba ya tashi sai an kira magariba. Yana ba da labarin kafa NEPU a 1950 dalla-dalla, wa ya zauna kusa da wa, alhali in ka yi lissafin shekarunsa lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Tun da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, Baba bai sake ganin ɗan siyasa ba, sai 'yan kasuwa. Duk saurayin da ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya tambayi sunan kakansa, ya ɗan yi shiru, sannan ya yanke hukunci: "Santsi ne." Yaron bai san an taɓa raba PRP gida biyu, Santsi na su Abubakar Rimi da Taɓo na masu biyayya ga Malam ba, amma zai koma gida da laifin da aka yi shekara ashirin kafin a haife shi. "Mu da kuɗinmu muka yi siyasa," in ji Baba, "ku kuwa taliya ta saye ku." Ba mai iya ja da shi, don akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Dambun nama ake ajiye masa saboda haƙora, kuma yakan roƙi a ƙulle masa ragowar a leda.

Wanda ya fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda shi ne abokinmu da ya sami muƙami. Tare kuka yi makarantar allo, tare kuka sha bulala, bara waccan ma a tire ɗaya kuka ci shinkafar Sallah. Bana an naɗa shi mai ba da shawara na musamman, a kan wani fanni da shi kansa sai ya duba takarda yake tuna sunansa, kuma har yau babu wanda ya nemi shawarar. Zai zo, ba za a ce bai zo ba. Amma direba ba ya kashe mota, shi kuma ba ya cire takalmi. Daga tsaye zai ɗaga hannu biyu ya ce, "Jama'a, barkanmu da Sallah." Jama'a! Mu huɗu ne a kan tabarmar, kuma biyu a ciki sun yi masa abokan ango. Waya uku ce a hannunsa, ɗaya tana kuka, sai ya dube ta ya rage murya: "Mai girma ne." Ka matsa ka yi masa maganar ƙaninka da ya gama bautar ƙasa yana zaune, sai ya dafa kafaɗarka: "Mutumina, wannan ai an gama. Ka same ni a ofis bayan Sallah." Alkawarin tela ne ana jibi Idi. Bai kuma faɗi wace Sallar ba.

Kada ka yi fushi, ka jira zaɓe. Mutumin nan dai zai dawo, a kan babur ɗin ƙaninsa, ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya tuna sunayen 'ya'yanka har da na goye. Zai ce mulki wahala ce, shi dama bai so ba matsa masa aka yi. Majalisa kuwa ba ta korar nata. Za a matsa masa wuri, a tura masa tire. Sai dai sunan Honorabul ya zauna masa har abada, kuma da shi za a riƙa aikensa: "Honorabul, taimaka ka sayo mana ƙanƙara a bakin titi."

Ɗan takara ba ya zuwa da kansa, fostarsa ce take zuwa. Hotonsa ya cinye bango, "Barka da Sallah" kuwa sai ka matso kusa za ka gan ta a ƙasa. Wanda ya riga ya ci zaɓe ya fi shi dabara. Da ƙaramar Sallah yana Umarar goman ƙarshe, da babbar Sallah yana aikin Hajji, shekara da shekaru, har ka rasa wane zunubi ne wannan da ba ya wankuwa. Masu neman barka da Sallah su yi layi a ƙofar gidansa, mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa: "Yallaɓai yana can yana yi muku addu'a."

A cikin gida kuwa akwai wadda ta fi dukan 'yan majalisa karanta siyasa, wato Hajiya mai lissafin kwano. Ita ba ta sauraron rediyo. Washegarin layya, in yara suka fara shigowa da kwanukan nama, buɗewa kawai take yi ta san inda ƙasa ta dosa. Gidan da bara suka aiko da cinya bana suka aiko da haƙarƙari, to an ji maigidanta ya soki gwamnati a wurin ɗaurin aure. Gidan da ba su taɓa aikowa ba yau ga karfata guda, maigidansu zai fito kansila. Ba ta mantuwa kuma ba ta faɗa, ramuwarta a kwano take. Atamfar da shugabar mata ta raba lokacin kamfe, mai hoton ɗan takara, tana nan ba a yar ba: in ya ci a ɗinka ta a je biki, in ya faɗi ta zama zanen goyo, fuskar tasa tana kallon sama daga bayan jariri.

Sai mai cewa, "Ni ba ruwana da siyasa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su." Da wannan yake buɗe baki, sannan ya yi awa uku a kan maganar da ba ruwansa da ita. Ya san ranar da aka cire tallafin man fetur, 29 ga Mayun 2023, ya san lita ta haura naira 500 a 'yan kwanakin, ya san babbar Sallah ta zo bayan wata guda. Tun daga ranar ya daina ziyarar dangi, wai mai ya yi tsada, ko da yake gidan yayarsa a ƙafa ake zuwa. Katin zaɓensa yana ofishin hukuma bai karɓo ba.

Masu gaba su ne suke sa mai gida zufa. Aminai ne na shekara talatin, sai zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 ya shiga tsakani. Kwana biyar bayan nan azumi ya kama, aka ce wata mai alfarma zai wanke zukata. Aka sha ruwa talatin ba ɗaya, aka yi Sallah, ba su wanku ba. Dukansu suna zuwa majalisa, don babu mai yarda a ce shi ya gudu. Sai su zauna gefe da gefe suna magana ta bakin na uku. "Gaya wa wasu mutane su miƙo yaji." "Ce wa masu kwaɗayi yajin ya ƙare, kamar yadda mulkinsu ya ƙare." Ana cikin lallashi kuma sai rikicin sarauta ya faɗo a Mayun 2024, Muhammadu Sanusi na Biyu ya koma Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero ya sauka a gidan Nassarawa, 'yan sanda suka hana hawan babbar Sallah. Aka rasa Hawan Daushe da za a tafi kallo a huta, aka ƙaru da sabon abin musu. Yanzu ko addu'a sai da lura. Wani baƙo ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki," su biyun suka juyo a tare, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya: "Wanne?" Abin da ba su sani ba, ko suke yi kamar ba su sani ba, matansu ba su fasa komai ba. Miyar da wannan yake santi a kanta daga gidan wancan ta fito.

Yara ne kaɗai ba su da jam'iyya, amma kada ka ɗauka ba su da lissafi. Suna tafe ayari guda, sababbin kaya, takalma suna matsa musu ƙafa, babbansu riƙe da jaka. Sun san gidan da ake ba da sababbin kuɗi, sun san gidan da ake cewa maigida yana barci tun bara, sun san gidan Honorabul ba a ɓata takalmi. Da can in ka shafa aljihu ka ce babu canji, sai su yi maka addu'a su wuce. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya kashe wannan dabarar. Bana wani ɗan shekara tara ya saurari uzurin sojan baka har ƙarshe, cikin ladabi, yana durƙushe, sannan ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya miƙa masa: "Ba komai, Kawu. Ga lambar OPay ɗin yayana, ka tura, muna jira mu ji shigarsu."